Winnipeg zuwa Churchill: jirgin sama ko jirgin ƙasa?

Malam, tun da ka ce kuna da hutun mako guda kai da iyali, ku hau jirgin ƙasa. Na gwada duka biyun, kuma mota ma ka cire ta a lissafi, don babu titin da ya isa Churchill, ƙaramin garin da ke can arewacin lardin Manitoba na Kanada.

A sama tazarar kusan kilomita 1,000 ce, kamar Kano zuwa Legas a mota, kuma cikin awa biyu zuwa biyu da rabi ka sauka. Iyakar yabon da zan yi wa jirgin sama ke nan. Zuwana na farko da shi na tafi, na biya sama da dala dubu ta Kanada zuwa da dawowa, ban ga komai ba sai gajimare, har yau kuɗin nan na yi mini ciwo. In kwana uku kawai gare ka, to babu yadda za ka yi, shi za ka hau.

Jirgin ƙasa na kamfanin VIA Rail kuwa yana zagaye, kusan kilomita 1,700, kwana biyu a hanya, sau biyu a mako yake tashi daga Winnipeg. Ya ɗan leƙa cikin lardin Saskatchewan, ya dawo ta garin The Pas, ya bi ta garin Thompson. Ranar farko gonaki ne shimfiɗe iya ganinka. Kashegari daji da tafkuna. Daga nan sai ka ga bishiyoyi suna gajarta, suna sirancewa, har su koma tsirarun da iska ta aske wa rassa ta gefe ɗaya. A nan jirgin yake tafiyar hawainiya, saboda an shimfiɗa layin ne a kan fadama da ƙasa mai daskarewa, wadda take motsi in ta narke. A 2017 ambaliya ta yanke layin, garin ya shafe fiye da shekara babu jirgin ƙasa.

Dare na biyu, bayan mun yi sallar isha a kan kujerunmu, wata tsohuwa 'yar garin ta taɓa kafaɗar maiɗakina ta ce mu hau taragon da ke da rufin gilashi. Hasken nan mai launi da ke bayyana da dare a can arewacin duniya ne ya cika sama, kore shar, yana kaɗawa kamar an shanya mayafi a iska. 'Yata ta riƙe hannuna gam, ni kuwa ba abin da nake ta maimaitawa sai subhanallah. Ku soya kaza, ku ɗauki dabino da fulas na shayi da bargo, kada ku dogara da abincin cikin jirgi kaɗai. Kuma kada ka ɗaura wani shiri a ranar isowa, tafiyar arewa ba ta san agogo ba. Mai mota zai iya tuƙawa zuwa Thompson, kamar awa takwas, ya kama jirgin daga can ya kwana ɗaya a ciki.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka kiyayi masu tallan tikiti da masauki mai rahusa a Facebook da WhatsApp. Garin bai kai mutum dubu ba, ɗakunan kwana ƙalilan ne, kuma a Oktoba da Nuwamba, lokacin da fararen beyar, manyan namun dajin yankin ƙanƙara, ke taruwa a gaɓar tekun Hudson suna jiran ƙanƙara, an kama su tun watanni kafin nan. Duk wanda ya ce yana da ɗaki a rabin kuɗi, ka tura masa kafin alƙalami yanzu-yanzu, macuci ne. Ka sayi tikiti a shafin kamfanin da kanka, ka kira masaukin ka ji muryarsu.

Da yara, ni Yuli ko Agusta zan zaɓa muku, lokacin da beluga, fararen manyan dabbobin ruwa masu kama da kifi, ke cika bakin kogin Churchill, sanyi kuma da sauƙi. Sai dai ku tanadi maganin sauro sosai.