Facebook ko taswirar Google: wanne zai kawo baƙo gidan abincinki?

Hajiya, kin ce kin shekara biyu kina ɗora hotunan tuwon shinkafa da miyar kifi a Facebook, ana ta yabawa, amma masu shigowa gidan abincinki a Birnin Kebbi su ne dai waɗanda kika saba gani. Tambayarki ita ce: ki zuba kuɗin talla a Facebook, ko ki yi rajistar Google da ɗanki ya dame ki da ita? Ni dai ina bayan ɗanki.

Mai duba Facebook ba yunwa ce ta kai shi ba. Yana zaune yana jan yatsa, ya ga hotonki, ya ce ma sha Allah, ya wuce, gobe sabbin hotuna sun binne naki. Facebook yana da ranarsa, ba na musu: sanar da tsofaffin masu saye cewa yau akwai waina, ko samun odar abincin biki da suna. Talla kuwa, ranar da kuɗi ya ƙare ranar take tsayawa.

Wanda ya buɗe Google Maps daban yake. Direban da ya taso daga Sakkwato, uban da ya kawo ɗansa kwalejin Waziri Umaru, baƙon bikin kamun kifi na Argungu da ya kwana a Birnin Kebbi, dukansu da yunwarsu da kuɗinsu suke nema, kuma ba su san kowa a gari ba. Abin da waya ta nuna musu kusa, can za su nufa. In ba kya cikin taswirar, a wurinsu babu ke.

Rajistar da ke sa shagonki a taswirar, sunanta Google Business Profile, kafin 2021 ana ce mata Google My Business, kuma kyauta ce. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa wajen jera wurare: dacewar wurin da abin da aka nema, nisansa da mai nema, da shahararsa. Ba a sayen matsayi a jerin. Na kuɗi talla ne, ana yi masa alama daban.

Nisa ba ya hannunki, amma inda alamar shagonki ta zauna a taswirar yana hannunki, kuma nan mutanenmu suka fi yin sakaci. Titunanmu da yawa ba su da lambar gida, kwatancenmu bai wuce "bayan masallaci, kusa da mai faci" ba. Ki tsaya a bakin ƙofarki da waya ki dasa alamar daidai wurin. Yana ba ni takaici in ga shago mai kyau alamarsa tana can wata unguwa, baƙo ya yi ta zagaye har ya haƙura ya ci a wani wuri. Sunan kuma ki rubuta shi yadda yake a allonki. Kada ki cusa masa "mafi daɗi a Kebbi", dokarsu ta hana, suna iya dakatar da rajistar. Ki zaɓi rukunin gidan abinci, ki sa lokutan buɗewa na gaskiya, in azumi ya zo ki gyara su.

Shahara tana ginuwa da ra'ayin waɗanda suka ci. Wanda ya gama ya ce abinci ya yi, ki roƙe shi ya rubuta hakan a Google, ke kuma ki amsa masa, har mai ƙorafi ma ki amsa cikin mutunci. Sayen yabo na bogi kada ki fara, ana gogewa.

Aibin Google shi ne yana son haƙuri. Sai sun tantance, sau da yawa da bidiyon da zai nuna allo, titi da cikin shago, kuma ba a kwana ɗaya ake ganin amfanin ba. Sun kuma cire hira da masu saye daga cikinsa a 2024, don haka lambar da za ki sa ta zama wadda ake ɗauka.

Ki riƙe shafinki na Facebook, suna da lamba da adireshi su zo ɗaya da na Google. Kuɗin tallar ki adana tukuna. Rajistar kuma da adireshin Gmail ɗinki za a yi ta, ba na yaron shagon kwamfuta ba, don in ya bar gari da makullin shagonki zai tafi.