Na yi tiyatar rage mama: numfashi ya samu, amma daren farko ya tsaya min a rai

Wata 7 ke nan da yi min aikin. Ciwon baya da na wuya ne suka kai ni, da ramin da igiyar bireziya ta haƙa min a kafaɗu. Maganar numfashi ko a raina, don na ɗauka hakin da nake yi in na hau bene ƙiba ce kawai.

Daren farko kam na ga tashin hankali. Na farfaɗo na tarar an ɗaure min ƙirji tamau da bandeji, in na ja numfashi sai ya tsaya rabi. Wajen ƙarfe 2 na dare sai da na danna ƙararrawa sau uku kafin nas ta leƙo. Na ce, "Sista, numfashina ba ya kaiwa ƙasa." Ta maƙala min abin awon iskar da ke cikin jini a yatsa, ta duba, ta ce, "Baiwar Allah, lafiyarki lau," ta juya ta fita. Ko filo ba ta ƙara min ba. Haka na kwana ido biyu, ina tsoron in na yi barci shi ke nan.

Sai da safe likita ya yi min bayanin da ya kamata in ji tun kafin a shiga da ni: maganin sa barci da zafin ɗinki kan sa mutum numfashi sama-sama, sai 'yan jakunkunan iska na ƙasan huhu su tsuke, majina ta taru, in aka yi sake har nimoniya. Aka miƙo min wata 'yar roba mai ƙwallaye 3, wadda zuƙa ake yi ba hurawa ba, sau 10 duk awa. A ranar, ƙwallo ɗaya tal na iya ɗagawa, ita ma da ƙyar.

A mako na 6, da aka ce in cire matsattsiyar rigar maman, na kwanta rigingine. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na manta rabon da in kwanta haka ban ji kamar an danne ni ba. Ashe huhu ba ya buɗe kansa. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki da tsokokin tsakanin haƙarƙari ne ke buɗe masa wuri, sau 12 zuwa 20 a minti. Nawa kuwa shekara da shekaru suna wannan aiki da kusan kilo ɗaya da rabi da aka cire a kansu. Yanzu ina hawa bene ina waya, mijina ma ya ce minsharina ya ragu (ni dai ban taɓa yarda ina yi ba).

Sai dai gwajin huhun nan da ake hura iska a bututu, wanda na yi kafin aikin na kuma maimaita, lambobinsa ba su wani motsa ba. Na ji ba daɗi. Likita ya ce ai huhun ba a taɓa shi ba, kayan da ke kansa aka sauke. Don haka mai asma kar ta je da tunanin za ta jefar da abin shaƙarta.

Wajen auna aikin asibitin, na so in ba su tauraro 5 cikin 5. Amma kan maman hagu har yau ba na jin sa, tabon ƙasa ya yi kauri yana ƙaiƙayi, kuma duk na tuna nas ɗin nan da filon da ya gagare ta, sai raina ya sake ɓaci. Uku na ba su.