Gashaka Gumti ko Yankari: ina ya kamata mai son tafiyar ƙasa ya nufa?

Kafin ka tanadi ko sisi, ka fara tantance abu ɗaya: so kake a ɗora ka a mota a zagaya da kai kallon dabbobi, ko so kake ka taka da ƙafarka ka hau dutse? Idan na biyun ne, gandun dajin Gashaka Gumti ba shi da na biyu a Najeriya.

Shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandaye biyu, Gashaka da Gumti, aka mayar da su ɗaya. Hedikwatarsa tana Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali ta haura Mambila. Ɓangaren Gumti na arewa, wajen Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Na kudu shi ne na mai tafiyar ƙasa: kurmi mai duhu, koguna masu ruwa garau, da tsaunuka. A nan Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya.

Ba dole sai ka hau ƙololuwar ba. Mai kwana uku kacal ya sauka a ƙauyen Gashaka, ya je kogin Kam inda dorina ke taruwa, ya hau tudun da kufan sansanin Jamusawa yake, sannan ya taka zuwa kurmin Kwano, inda masu bincike suka daɗe suna nazarin birin chimpanzi. Ganin wannan biri sa'a ce. Sau da yawa kukansa za ka ji, ko a nuna maka shimfiɗar ganyen da ya kwana a kai can saman bishiya. Masu nufin Gangirwal kuwa galibi ta Mambila suke bi, ta Nguroje zuwa Njawai, daga nan babur da ƙafa, kwana biyu zuwa uku. Daga gefen Gashaka tafiyar ta fi tsawo nesa ba kusa ba, sai ka ware mako guda ko fiye.

Lokaci shi ne rabin shirin. Da damina koguna suna cika su datse hanya, kada ma ka fara. Daga Disamba zuwa Maris ake zuwa, amma a tsakiyar hunturu hazo kan rufe tsaunuka, ka sha wahalar hawa ka tarar da fari fat. Farkon Disamba ya fi, sama na nan garau, ruwa ya fara ja baya. A saman dutse sanyin dare ba na wasa ba ne, don haka rigar sanyi mai kauri, hula da bargo dole ne ko da ka baro Serti kana gumi.

Kada ka tsara wa kanka fiye da kilomita 12 zuwa 15 a yini a wurin hawa. Ruwa lita 3 zuwa 4 kowane mutum, na rafi kuma a tafasa shi komai haskensa, domin akwai rugagen Fulani da shanu a tuddan sama. Guzuri mara nauyi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, ganyen shayi, da ƙullin gishiri da sukari saboda gudawa. Gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, tocila, da batirin ajiye caji. Ka sa riga mai dogon hannu, kalar ƙasa, saboda baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando. Wando a cusa cikin safa saboda kaska.

Yankari ta jihar Bauchi fa? Wuri ne mai kyau ga iyali. An kafa ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, akwai giwaye, akwai ruwan Wikki mai ɗumin da ba ya sauyawa, kusan digiri 31 dare da rana. Daga Fabrairu zuwa Afrilu dabbobi na taruwa a kogin Gaji. Sai dai kallon mota ne, ba a barin mutum ya kutsa daji da ƙafa yadda ya ga dama, ga birai masu wawure abinci daga hannun yara. Gandun Kamuku na Birnin Gwari da yankin Borgu na gandun Kainji kuwa, matsalar tsaro ta cire su daga lissafi. Haka gandun W na Nijar.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta, kuma ba a cikin daji ba ne, a waya ne da bakin tasha.

Akwai masu buɗe shafi a Facebook ko Instagram su jera hotunan zaki da raƙumin dawa da aka ɗauko a Kenya, su ce Gashaka ce, a turo kafin alƙalami. Duk wanda ya yi maka alkawarin ganin zaki ko chimpanzi tabbas, maƙaryaci ne, ko ma'aikacin da ya shekara ashirin a dajin ba zai yi wannan alkawari ba. Kada ka tura kuɗin shiga cikin asusun wani mutum. Kuɗin shiga, na kwana, na kyamara da na ɗan rakiya a ofishin gandun ake biya, a ba ka rasit mai hatimi. Idan kamfanin yawon buɗe ido ne ya shirya tafiyar, ya rubuta maka abin da kuɗinka ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, musamman babur, 'yan dako da abinci, domin a nan ake ɓoye rami.

Sai 'yan jagorar bogi. Kana sauka a mota wani zai tare ka da koriyar riga da takalmin sojoji, ya ce shi ma'aikacin daji ne, zai shigar da kai ta hanyar da ba a biya. Kaki a kasuwa ake sayar da shi. Ɗan rakiya na gaskiya ofis ne ke haɗa ka da shi, sunansa da naka suna cikin littafi, an san ranar da za ku fito. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya, idan ya karye a kwazazzabo babu mai neman sa, idan kuma masu sintiri suka gamu da shi, mafarauci za su ɗauke shi.

Masu babur da 'yan dako yawancinsu mutanen kirki ne, amma ciniki a gama shi kafin a tashi, a gaban ɗan rakiya: nawa ne a yini, zuwa da dawowa ne ko zuwa kawai, wa zai sayi mai, wa zai ciyar da su, kaya kilo nawa (kada ya wuce 20). A ba da rabi, sauran sai an dawo. Wanda ya biya duka tun farko, a bakin kogi na farko zai ji an ce "Alhaji, ai wannan hanyar ba ta cikin lissafi." Mai kuma a sha a gidan mai tun daga Jalingo ko Bali, na 'yan bumburutu wani lokaci gauraye yake da kalanzir.

Takalmi ma akwai ha'inci. Na gwanjo mai sunan babban kamfani yakan yi kyau a ido alhali gam ɗinsa ya mutu, ruwan farko da ya taɓa shi tafin zai ɓalle kamar ɓawon ayaba. Ka lanƙwasa shi da hannu biyu, ka danna bakin tafin da farce, idan ya buɗe ko ya yi gari ka ajiye. Wanda ka saya ka yi mako biyu kana yawo da shi a gari kafin tafiya, ka kuma haɗa da takalmin roba irin na makiyaya don tsallake ruwa.

Idan wani ya tallata maka naman daji, fata ko ɗan biri a hanya, ka wuce. Laifi ne a doka, kuma a jakarka za a same shi a shingen bincike.