Faifan "Doctor Who: Regeneration": mutuwa tara, Dakta ɗaya

Na shafe kusan sati biyu ina kallon wannan kundi na faifan DVD da BBC ta fitar a 2013, shekarar da shirin Doctor Who ya cika shekara 50. Faifai shida ne cikin wani abu mai kamar littafin hotuna, ɗauke da labarai tara. Abin da ya haɗa su guda ne: a kowanne ana sauya wanda ke fitowa a matsayin Dakta.

Ga wanda bai san shirin ba, Dakta ba ɗan Adam ba ne. Daga wata duniya ya fito mai suna Gallifrey, jinsinsa su ne Time Lords, wato iyayengijin lokaci, kuma zuciya biyu gare shi. Idan ajali ya taho, ta rauni ko guba ko tsufa, sai kowace ƙwayar halitta ta jikinsa ta sabunta. Fuska ta canza, murya ta canza, har hali da son rai su canza, amma tunaninsa na baya yana nan daram. Na sayi kundin ne don in gane ƙa'idar wannan sabuntawa, sai na tarar marubutan sun yi ta gina ta ne a hankali, kowane zamani da irin tasa.

Labarin farko, The Tenth Planet na 1966, shi ya fi taɓa ni. William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Dakta tun 1963, rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, har rubutun da zai faɗa yana kufce masa. Maimakon a rufe shirin sai aka ce jikin Dakta ya tsufa. Ya faɗi ƙasa cikin jirginsa TARDIS, haske ya mamaye fuskarsa, da hasken ya lafa sai ga Patrick Troughton kwance a wurin. Kashi na huɗu na wannan labari ya ɓace daga ma'ajiyar BBC, guntun wurin sauyawar ne ya tsira, don haka a kundin an cike gurbin da zane mai motsi a kan ainihin muryoyin 'yan wasan. Zanen bai da laushin motsi sosai, amma muryar Hartnell, yadda take rawa don gajiya, ta sa na manta zane nake kallo.

The War Games na 1969 kashi goma ne, baƙi da fari, kuma gaskiya tsakiyarsa tana jan ƙafa. A jure, domin a ƙarshensa ne Time Lords, mutanen Dakta, suka yi masa shari'a suka tilasta masa sauya kama a matsayin hukunci. Ashe abin ana iya ɗora wa mutum shi ba da sonsa ba. Sunan da ake kiran sauyin da shi yanzu ma, wato "regeneration" (sabuntawa), sai a 1974 aka fara furta shi, lokacin da Jon Pertwee ya miƙa wa Tom Baker matsayin Dakta.

Wanda na maimaita har sau uku shi ne The Caves of Androzani na 1984. Dakta da abokiyar tafiyarsa Peri sun kamu da guba, maganinta kuwa nonon wata jemage ne da ke can ƙarƙashin kogo. Ya samo shi da ƙyar, sai ya zama na mutum ɗaya ne kawai ya rage. Ya ɗura mata, shi ya zube. Peter Davison, mai fitowa a Dakta a nan, ya yi wasan kamar wanda bai tabbata zai tashi ba, fuskokin tsoffin abokansa suna kewaya shi. A nan na fahimci cewa sabuntawar ba ta rage wa mutuwar ɗaci, tunda mai wannan fuska da wannan hali ya tafi ke nan.

Time and the Rani na 1987 shi ne rauni a kundin. Colin Baker, Daktan da za a sauya, bai dawo ya ɗauki wurin sauyawar ba, sai aka sa wa magajinsa Sylvester McCoy gashin aro aka rufe fuskarsa da haske. Ana gani ana ganewa. Fim ɗin 1996 kuwa ya zo da wani abu mai ma'ana: an harbi Dakta a San Francisco, likitar da ta yi masa aiki ta ruɗe da tsarin zukatansa biyu, ya mutu a hannunta, kuma maganin sa barci ya jinkirta sauyin har sai da aka kai shi ɗakin ajiye gawa. Sabon Dakta, Paul McGann, ya farka bai san ko shi wane ne ba.

Hasken zinariya mai feshi daga wuya da hannuwa, wanda masu kallon yanzu suka saba da shi, sai a 2005 ya shigo tare da Christopher Eccleston. Na David Tennant a farkon 2010 ya yi ƙarfin da har ya tayar da gobara cikin TARDIS, bayan ya sha tururin nukiliya don ceton dattijo Wilf.

Ƙorafina babba shi ne babu The Deadly Assassin na 1976 a ciki, alhali a nan aka kafa dokar cewa sau 12 kacal ake sabuntawa, rayuwa 13 ke nan. Na san ba a sauya Dakta a labarin, amma wanda ya sayi kundin don fahimtar tsarin zai rasa ginshiƙinsa. Sannan kundin ya tsaya kafin ƙarshen 2013, lokacin da aka ba Matt Smith sabon zagayen rayuwa, balle Jodie Whittaker da ta zama mace ta farko da ta ja shirin a 2017, ko rabuwar Dakta gida biyu a 2023 da ta fito da Ncuti Gatwa.

Duk da haka ina ba da shawarar a nema, musamman ga wanda ya fara daga sabon zubin shirin na 2005 zuwa gaba bai taɓa ganin na da ba. A dai tabbatar na'urar kallo tana karɓar faifan yankin Turai kafin a saya, kuma a fara da Hartnell, a bi su a jere.