Ajin Larabcin kasuwa da na shiga a Kusiri, ga yadda na same shi

Salamu alaikum ƴan uwa, tun da na ce na shiga ajin koyon Larabci mutane ke ta tambayata a inbos wai ya abin yake, to yau wata uku kenan cif, bari in faɗa muku gaskiyar abin da na gani.

Ni ɗan Marwa ne, can kuwa kun sani in kana da Fulatanci da ɗan Faransanci ka gama da kasuwa. Da yayana ya kira ni Kusiri, garin Kamaru da ke bakin iyakar Chadi, in riƙe masa shago sai na tarar da wata duniya daban, kusan kullum sai na tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena ɗauko kaya ko kai wa kwastoma, kuma daga ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, har mai shayi har tsohuwar da ke saida kuka a kasuwar gero kowa Larabci yake maka. Na yi Islamiyya fa, na san kaifa haluka, na san ana bi khair, amma ranar da na gaishe da wani dattijo mai buhunan ridi da haka sai ya amsa da fara'a ya zubo min magana wadda ban kama ko kalma uku ba a ciki, cinikin nan bai yiwu ba wallahi, kuma abin ya tsaya min a rai har dare.

Ajin a zauren wani malami ake yi, Bashuwa ne amma yana jin Hausa kamar jakin Kano, bayan isha'i sau uku a sati, jaka uku ta sefa a wata. Mu goma sha ne, yawanci ƴan kasuwa da direbobi. Abin da ya fara burge ni bai ɗauko mana nahawu ba, sati biyu cur gaisuwa kawai muka yi. Inta afe in namiji ne, inti afe in mace ce, a amsa afe alhamdulillah, sai kikef wato ya kake, sai nas bet kikef wato ya mutanen gida, iyal kikef ya yara. Ya ce mana mutumin Chadi kamar Bahaushe ne, in ka tsallake gaisuwa ka faɗa kan farashi ya riga ya sa ka a layin marasa tarbiyya, kuma na gwada na gani da idona. Afe ɗin nan ma ai lafiyarmu ce, asalinsu ɗaya, lale kuma ita ce lalen da muke wa baƙo, shi ya sa kunnen Bahaushe ke saurin kamawa.

Yadda yake koyarwa shi ne ya tada mutum biyu, ɗaya mai shago ɗaya mai saye, ku yi ta yi har bakinku ya faɗa. A nan na koyi faddal, wadda ake ce wa mutum in ana masa bismillah ya zauna ko ya sa hannu a abinci, da samihni in ka taka wani ko za ka katse masa magana, da shukran katir wato na gode ƙwarai, da ma fi mushkila wato ba matsala. Wadda na fi so ita ce Allah yaftah, ita mai kaya ke faɗa in tayinka bai kai ba, daidai da albarka tamu, ba faɗa ba cin fuska. Sallama kuma mai tafiya ya ce agod afe, wanda aka bari ya ce amshi afe, zauna lafiya da sauka lafiya kenan. Abu kaɗan ne amma tun da na fara rufe ciniki da su har shayi ake ce min in tsaya in sha.

Darasin kuɗi kam shi kaɗai ya biya min jaka ukun nan. A Njamena da riyal ake lissafi, riyal ɗaya sefa 5, kamar dalarmu. In ka ce bikam, wato nawa ne, aka ce maka ishirin to sefa 100 ake nufi, miya wato ɗari 500, miten wato ɗari biyu 1000. Lambobin kansu ba su ba ni wuya ba tunda ishirin, talatin, arba'in, hamsin duk muna da su a Hausa, ninkawar ce sai da malam ya yi ta jefo mana farashi muna amsawa da sauri kamar masu haddar allo.

Sai dai akwai abin da bai min ba, kuma na faɗa masa baki da baki. Ba littafi, ba takarda, kowa rubuta abinsa yake yadda kunnensa ya ji, wani da boko wani da ajami, in ka fashe rana ɗaya shikenan ta wuce ka. Na roƙe shi na ce Malam don Allah ko odiyo ne ka riƙa turo mana a WhatsApp, ya yi sau biyu ya bari. Zauren ma ƙarami ne, lokacin zafi in aka ɗauke wuta zaman na da wuya sosai, sauron bakin kogin Logon kuma ba sai na faɗa ba. Ajin mata babu, matar yayana tana so ƙwarai amma ba inda za ta zauna, wannan ya dame ni don su ne ma suka fi shiga kasuwa cefane.

Wanda yake son Larabcin karatu, na tafsiri ko na zuwa jami'a, ba nan zai zo ba, malam da kansa yana faɗa cewa Fusha, wato Larabcin littafi, daban wannan daban. Amma direba ko ɗan kasuwa da ke tsallaka gada kamar ni, ina ba shi shawara ya shiga ko na wata biyu ne, ya zo da littafin rubutu nasa. Ni dai na biya na wata na huɗu, satin da ya wuce kuma na koma wajen dattijon nan mai ridi, muka gaisa har iyal kikef, ya ce faddal, na sayi buhu biyu.