Da ƙananan yara, jirgin Jidda za ki hau, ba na Turai ba

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaye ni jirgin ruwan da ya fi dacewa ki hau da yaranki. Tsakanin jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, da wanda ke tashi daga Basalona ya bi gaɓar Faransa da Italiya, ga ki da 'yar goye, da mai shekara biyar, da mai takwas, na Jidda za ki ɗauka. Na hau kowannensu da yarana, ba a bakin wani na ji ba.

Na Jiddan sunansa Aroya, na kamfanin Cruise Saudi ne, kuma a watan Disamban 2024 ya fara ɗaukar fasinja. Ba sabo fil ba ne, tun 2017 aka ƙera shi a Jamus, suka saye shi suka yi masa kwaskwarima. Tsawonsa mita 335, ɗakunan kwana sun haura 1,600, yana ɗaukar mutum sama da 3,300. Na kawo lissafin nan ne don na san abin da ke faɗo wa kowace uwa a rai nan Sakkwato in an ce jirgin ruwa: kwale-kwalen da muke jin ya kife da bayin Allah a Goronyo ko Shagari. Surukata ma sai da ta yi ta roƙon mu fasa, ta ce jikokinta ba su san ruwa ba. Wannan unguwa ce guda a kan teku, da asibitinta da kantuna da wuraren cin abinci, kina ciki sai ki manta tafiya ake yi. Kuma kafin a ɗaga, dole kowa ya je ya ga inda zai tsaya in wani abu ya taso, a nuna masa yadda ake sa rigar ruwa. An tsananta dokar nan ne bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, wanda ya ci rayuka 32. Kada ki bar wa Alhaji wannan shi kaɗai, ki je da yaran, ki kuma nemi a ba ki rigar ruwa daidai jikin kowane yaro tun ranar farko.

Abin da ya sa nake yabon na Jiddan, Hajiya, kwanciyar hankali ne. Ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, abincin duka halal ne, akwai wurin salla. Ranar da muka shiga, babban ɗana ya ɗauki faranti ya tsaya gaban wani nama da aka gasa, ya waigo ya ce, "Inna, wanga in ci?" Ya saba ne tun daga jirgin Turai, inda sai na duba na tambaya kafin ya kai hannu. Na ce masa ɗebi duk abin da ranka yake so. Yaron nan ya cika faranti da shinkafar Larabawa da kaza, ya koma ya ƙaro, ya ɗebo wa ƙanwarsa dabino da kankana. Ni kuma na zauna na ci abincina da zafinsa, ban bi kowa da ido ba. Uwa ce kaɗai za ta san daɗin wannan.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, mukan hau can sama mu zauna. Wata rana gab da magariba, ruwa ta ko'ina ba a hango ƙasa, 'yar tsakiyar tawa ta riƙe ƙarfen gefe ta yi shiru tana kallo. Can ta ce wa babanta, wai wannan ne ruwan da ya cinye Fir'auna? A Islamiyya aka ba su ƙissar Annabi Musa, Alaihis Salam, malaminsu ya ce musu Bahar Maliya ne. Baban ya zaunar da su ya sake ba su ƙissar daga farko, da sandar, da darewar ruwan, suna ji suna leƙen tekun. Har yau in an zo wajen a karatu, ita ce mai ɗaga hannu ta ce ta ga ruwan da idonta. Da rana kuwa ba ki ganinsu: wajen wasan yara, wajen sululun ruwa, su dawo idanu jajur, ana sallar isha'i sun yi barci.

Ga kuma garaɓasar da ta fi komai. Daga Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne, ga mota, ga jirgin ƙasan Haramain da ke aiki tun 2018, har Madina yake kaiwa. Kuɗin jirgin sama ɗaya, ki yi Umra ki kuma kai yara hutu. Shawarata ki fara da Umrar, lokacin da ƙarfinku yake, sannan ku hau ruwa ku huce gajiyar ɗawafi da sa'ayi. Hanyar ma ta fi sauƙi gare mu, tun da akwai jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Jidda. Daga Sakkwato dai ki bi ta sama ko da sai an ratsa ta Abuja, kada ki ɗebi ƙananan yara a mota ta hanyar Gusau.

Abu ɗaya za ki kiyaye: ba duk shekara jirgin yake Jidda ba. Da zafin 2025 Istanbul ya koma yana zaga Turkiyya da Girka. Ki duba jadawalinsa kafin ki tsayar da rana. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya fi dacewa, lokacin mu nan hunturu ya kankama, can kuwa iskar teku ba zafi ba sanyi.

Na Turan kuwa, to, jirgi ne mai kyau, garuruwan ma abin kallo ne, wajen renon yaransu ba laifi. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Kifi da taliya da burodi muka yi ta ci, don naman alade yana jere kusa da sauran, kuma ba kowane ma'aikaci ne zai iya gaya miki yadda aka yanka kazar ba. Bakin wurin ninkaya kowa da kofin giya a hannu, shigar mutane kuma ba wadda za ki so ɗan shekara takwas ya yi ta kallo ba ce. An tsara tafiyar ne don manya masu son yawon gari: kusan kowace safiya sabuwar tasha, a sauka da wuri a dawo da la'asar. In an ce miki za a tsaya Rum, a tashar ruwan Cibitabekiya jirgin ke tsayawa, sai kin ƙara tafiyar sama da awa guda a mota, sannan ki tura keken jariri a kan titin duwatsu cikin cunkoso. Kafin duk wannan akwai bizar shiga Turai ta Shengen, sai an je Abuja ko Legas, Yuro 90 kuɗin babba, 45 na yaro daga shekara shida zuwa ƙasa da sha biyu, in an hana ki kuma kuɗin sun tafi. Ki bar shi sai yaran sun tasa, ko ku je ke da Alhaji ku biyu.

Yanzu maganar 'yar goyen, don ita ce za ta tsara miki tafiyar. Yawancin kamfanonin nan ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, haka mai juna biyun da cikinta ya kai mako 24. Wajen da ake ajiye yara a tafi a bar su kuma galibi daga shekara uku ne, sai yaron da ya daina famfas. Ke nan manyan biyu za su samu wajen zuwa, ƙaramar tana hannunki ko bayanki, ki tafi da zanen goyonki da majanyi, sun fi keke amfani a lungunan jirgi da wajen jiran lif. Mai famfas ba a barinta ta shiga babban wurin ninkaya a yawancin jirage, kada abin ya zo miki a ba-zata. In da hali ki tafi da ƙanwarki ko wata 'yar'uwa, hannu biyu ba ya isar yara uku a wurin da ke da bene sama da goma.

Ɗaki kuma, za a yi ta kwaɗaita miki mai baranda. Yana da daɗi, amma da yaro ɗan shekara biyar mai hawan kujera, ni ba na so. Ƙarfen gefen yana da tsawo, sai dai yaro in ya ja kujera ya taka, tsawon ya ƙare. Ki ɗauki mai taga wadda ba ta buɗewa, a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi. Ku biyar ne, ɗaki ɗaya da wuya ya ɗauke ku, ki nemi biyu masu ƙofa a tsakani, kuma da wuri, don su ne ke fara ƙarewa. Jiri da tashin zuciya ba kowa suke kamawa ba, amma ki ga likitan yara kafin tafiya ya rubuta miki abin da ya dace da shekarunsu, ki haɗa da na zazzaɓi da gishirin zawo. Asibitin jirgi kuɗinsa daban ne kuma da tsada, shi ya sa inshorar tafiya ba abin wasa ba ce. Wanke hannu kafin cin abinci ki tsaya a kansa da gaske, ciwon ciki in ya shiga jirgi yawo yake yi.

Dutsen guga da hita da tukunyar lantarki ba a shiga da su, za a karɓe a bakin ƙofa saboda gobara. Fulas za ki riƙa, ki karɓi ruwan zafi a wajen cin abinci ki dama wa ƙaramar kununta. Ki sa garin kunun da yajinki a jaka, bayan kwana biyu bakinki zai neme su. Kayan yara na ranar farko, famfas da riga da magani, su zauna a jakar hannu, don manyan akwatuna sai can da yamma ake kawo su ƙofar ɗaki. Katin ɗakin nan kuma shi ne kuɗi a cikin jirgi, duk abin da aka saya da shi yana hawa kan asusunku, ki sa a rufe na yaran tun a teburin karɓar baƙi. Wayarki ki kashe mata data in an bar gaɓa. Sannan ku isa Jidda aƙalla kwana guda kafin ranar tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, don Allah ki yi hattara da ejan-ejan. Tun da mutanenmu suka fara sha'awar irin wannan tafiya, 'yan damfara suka cika Facebook da WhatsApp da hotunan jirage da farashi mai rahusa. Wata maƙwabciyarmu ta tura kuɗin mutum huɗu asusun wani, ya turo mata takarda mai tambari har da hoton ɗaki, ashe babu sunanta a ko'ina, lambarsa kuma ta daina shiga. Duk wanda za ki ba kuɗi, ya kasance yana da ofis da za ki taka ki je, da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in kuma da Umra a ciki, da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON. Kada ki tura kuɗi asusun mutum, sai na kamfani. Ki biya kafin alƙalami kaɗan, ya ba ki lambar rajistar tafiyar, ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki ki ga sunayenku ɗaya bayan ɗaya, sannan ki cika sauran.

Akwai kuma masu cin amana da dabara, su ba guduwa za su yi ba. Farashin da suke tallatawa na mutum ɗaya ne in biyu suka raba ɗaki, babu tikitin jirgin sama, babu harajin tasha, wani lokaci babu ladan ma'aikata da ake cira kullum a kan kowane fasinja. In ya ce miki yara kyauta ne, ki ce ya rubuta miki abin da za a biya wa kowane yaro, za ki ga kyautar ba ta kai yadda ya faɗa ba. Babbar matsalar ita ce biza. Jirgin yakan fita daga Saudiyya ya tsaya irin su Sharm el-Sheikh a Masar ko Aƙaba a Jodan, sannan ya dawo Jidda. Fita ce da sake shiga. Ejan da ya ce miki kada ki damu, bizar Umra ta wadatar, ki ce ya nuna miki a rubuce daga kamfanin jirgin cewa mai fasfon Najeriya zai iya fita ya dawo da irin bizar da zai yi muku, da kuma abin da ake bukata don sauka a kowace tasha. In ya fara kame-kame, ki tashi ki bar masa ofishinsa. Fasfo ɗinku kuma kada ya kwana hannun kowa ba tare da takardar shaidar karɓa ba.

Ki fara da fasfon yaran tun wannan makon, kowane yaro da nasa har 'yar goyen, naku ke da Alhaji kuma ki duba ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Ki haɗa da katin rigakafin shawara na kowa. In kin samu ranakun da jirgin yake Jidda a Disamba, ki kama ɗakuna biyun nan masu ƙofa a tsakani kafin ki sayi tikitin jirgin sama. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, a gaida Alhaji da yaran.