Raba lokaci daidai wa daida ko bin bugun kiɗa: wanne ya fi wa bidiyon hotuna?

Ɗan'uwa, ka ce kana da hotuna 60 na wata tafiya da waƙa mai tsawon minti 3 da daƙiƙa 30. Kana tambaya ko ka raba wa hotunan lokaci daidai wa daida, ko ka riƙa sauya hoto a kan bugun kiɗa, da kuma irin salon sauyin da za ka sa a tsakaninsu. Duka biyun na taɓa su, ga yadda na same su.

Rabawa daidai ba ta da wahala. Daƙiƙa 210 a kasa gida 60, kowane hoto ya tashi da daƙiƙa 3 da rabi. Ka zaɓe su gaba ɗaya, ka rubuta adadin sau ɗaya, an gama. Su kansu manhajojin haɗa bidiyo a kan wannan tsari suke zuwa: iMovie na ba kowane hoto daƙiƙa 4 tun daga farko, Premiere Pro kuma 5. In kiɗan mai taushi ne marar ganga, ko bidiyon za a bar shi ne yana juyawa a allo mutane na ta hirarsu, wannan ya wadatar, kar ka wahalar da kanka.

Inda take ba da matsala shi ne waƙa mai bugu a fili. Fara da sanin gudun taka: ƙirga bugun da ta yi cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. A ce ka samu 120 a minti, wato kowane bugu rabin daƙiƙa ke nan. Yawancin waƙoƙin zamani gaɓa-gaɓa suke tafiya, kowace gaɓa bugu huɗu, na farkon shi ne mai nauyi, wanda ake gyaɗa kai a kansa. To daƙiƙa 3 da rabi bugu 7 ne. Sauyin farko zai faɗo a bugu na huɗu, na biyu a bugu na uku, na uku a bugu na biyu, sai a karo na huɗu ne kawai hoto zai shigo tare da mai nauyin. Mai kallo ba zai zauna yana wannan lissafi ba, amma jikinsa zai ba shi cewa hoto da kiɗa kowa nasa yake yi. In kuwa gudun waƙar 90 ne, abin ya fi haka muni, don sauyin a tsakanin bugu da bugu zai riƙa faɗowa.

Bin bugu na gyara wannan, kuma lissafinka ma ya zo da sa'a. A gudun 120, waƙar taka gaɓa 105 ce, kowace daƙiƙa 2. Ba hotuna 45 gaɓa bibbiyu, wato daƙiƙa 4, sauran 15 kuma gaɓa ɗaiɗai. Daƙiƙa 180 da 30, ga 210 cif, ba ka zubar da hoto ko ɗaya ba. Masu gajeren lokacin ka tara su a amshi, inda kiɗa ke cika, masu tsawon su zauna a baitoci. Yadda ake yi: kunna waƙar ita kaɗai, kafin ka ɗora hoto ko ɗaya, kana danna harafin M a duk bugu mai nauyi. A Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut Pro duk wannan harafin ne ke ajiye alama. CapCut kuma na iya zuba alamomin da kansa, sai dai yakan yi yawa, sai ka tsince.

Sai dai ita ma wannan hanya tana da nata tarkon, kuma shi ya fi kama sababbin hannu. Da zarar mutum ya ga alamomi sun jeru, sai ya ji dole kowace ta samu hotonta. Na taɓa yin haka, hoto a kowane bugu biyu daga farko har ƙarshe, ina ta jin daɗin kaina. Waɗanda na nuna wa suka ce in mayar baya, ba su gane ko su waye a ciki ba. Hoton fuska ɗaya ko na faɗuwar rana ido na ɗauke shi nan take. Hoton mutum goma a tsaye kuwa, kowa sai ya nemo kansa, ya nemo wanda ya sani, daƙiƙa 2 ba za ta kai shi ko'ina ba. Haka wanda ke da rubutu: karanta shi a bayyane sau biyu, wannan ne lokacinsa. Saboda haka ni kiɗa nake bar wa ya nuna inda za a sauya, shi kuma hoton ya faɗi gaɓa nawa zai zauna.

Batun salon sauyi kuwa, biyu ne abin magana: yanka kai tsaye, da narkar da hoto cikin na gaba. Yanka ba ya cin lokaci ko kaɗan, shi ya sa yake zama daram a kan bugu. Wasu masu tace bidiyo ma sukan ja shi baya da firam ɗaya ko biyu (firam shi ne ɗan taki mafi ƙanƙanta a bidiyo), don hoton ya riga sautin isowa da ƙiris. Gwada ka ji da kanka, ni na fi son sa haka. Narkewa kuwa ba ta da tsini, ba ta faɗuwa a wuri ɗaya, don haka ta fi dacewa da kiɗa mai jan numfashi ko inda ake so a nuna lokaci ya shuɗe, kamar daga safiya zuwa dare. Kuma tana da tsada: hoton daƙiƙa 2 mai narkewar daƙiƙa 1 a kowane gefe, daƙiƙa 1 tak ake ganin sa tsaf, don kowace narkewa rabinta a cikin lokacinsa take ci. Ka lura kuma, wasu manhajoji ɗora hoto suke yi a kan na gaba, sai bidiyon ya gajarce. Sauyi 59 na daƙiƙa ɗaiɗai kusan minti guda ke nan ya tafi, alamominka duk su goce. Sa guda ɗaya tukuna ka duba ko tsawon ya motsa.

Masu juyi da walƙiya da buɗe labule, bar su inda ka gan su. In kana jin hotunan sun yi tsit da yawa, ɗan matso da hoto a hankali, salon da ake kira da sunan Ken Burns, mai shirya fina-finan tarihi na Amurka, ya fi su amfani nesa ba kusa ba. Shi ma a hotunan daƙiƙa 4 ɗin, ba na 2 ba.

Da ni ne da waƙarka, zan yi yanka a amshi, narkewar rabin daƙiƙa a baitoci, hoton ƙarshe kuma in bar shi ya zauna har sautin ya mutu. Lokacin sa alamomin kuma cire abin kunne na Bluetooth, don yana jinkirta sauti, duk alamar da ka danna za ta zo a makare. Yi da abin kunne mai igiya ko lasifikar kwamfutar, sannan ka faɗaɗa zanen sautin da manhajar ke nunawa ka jawo kowace alama kan tsinin bugunta.